Taɓarya ta Biyu a Ruwan Landan

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Mata su shigo yi mini sannu da zuwa, ba su gama zama ba sai tambaya: "Iya, yaya Landan? Da gaske ne rana ba ta fitowa?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kullum rabi nake faɗa. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Rabi ta zo da biro, ni in faɗa ita ta rubuta, don ni ban yi boko ba. Wanda ya ƙara tambaya sai a karanta masa. Yau ba zan rage komai ba.

Ba buɗe ido ya kai ni ba. Na je ne in fito da jikata daga ruwa.

Sai kun san wannan kafin ku gane sauran. Mu 'yan Wudil ne, a bakin kogi aka haife mu. Ni da ƙanwata Hansai turmi ɗaya muke daka, in na sauke taɓarya ita ta ɗaga, in ta sauke ni na ɗaga. Daga zaure babanmu yake gane dakanmu. A iyo kuwa ba yarinyar da ta kama ƙafarta. Wata damina ruwa ya kawo, muna wanki, ta ce za ta tsallaka ta dawo kafin in gama matse zannuwa. Ta faɗa da ƙarfi kamar ana korar ta. Tana kaiwa tsakiya na ga hannunta ya fara nauyi. Ya ɗago. Ya ƙara ɗagowa. Bai sake ba.

A wancan zamanin idan ruwa ya ci mutum, masunta kan kifa ƙwarya a kan ruwa, a ba wani na jininsa ludayi ya yi ta bugawa har gawa ta taso. Malamai sun hana yanzu, Allah ya yafe mana. Ni aka ba ludayin. Sarkin ruwa ya ce, "Buga abin da za ta gane." Sai na buga dakanmu. Kwana biyu ina bugawa, a na uku ta taso. Daga ranar ban sake haɗa turmi da kowa ba, shekara sittin ke nan.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, likita ne a Landan. Ya yi mini kara ya sa wa 'yarsa sunan Hansai, wato Hafsatu. Ni Ƙanwata nake ce mata. Tana shekara biyar suka tafi da ita, yanzu ta zama mace, tana haɗa magani a asibiti. Da ƙaramar salla aka nuna mini ita a waya, cikin baƙaƙen kaya daga wuya har idon sawu, tana fitowa daga ruwa. Wai wata gasa take shirin shiga mai wahala uku a jere: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, ba hutu. Kuma iyon ba a ruwan cikin gini za a yi shi ba, a tafki ne, da bazararsu. Na ce wa ubanta ya yanko mini tikiti.

Aka fara da Abuja, wajen biza. Wata yarinya ta ce in ɗora yatsuna a kan gilashi mai koren haske. Na ɗora, ya ƙi. Ta goge, na sake, ya ƙi. Ta juya hannuna ta duba ta ce, "Mama, ai zanen yatsunki ya shafe." Na ce taɓarya ce ta cinye shi. Sai da aka shafa mini mai, aka danne kowane yatsa kamar ana murɗa kunnen yaro, sannan injin ya yarda cewa ni mutum ce.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Jos da za ta je wa 'yarta wankan jego, karo na uku. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta hana ni tsorata da banɗakin da ke zuƙe komai da ƙara. Da muka sauka muka shiga layi, Baturen da ke duba fasfo ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce, "Hajiya, gaya masa na zo in fito da yarinya daga ruwa." Ta kalle ni, ta kalle shi, ta yi masa Turanci gajere, ya buga hatimi. Daga baya ta ce, "Na ce masa ganin jikoki kika zo. In na faɗi naki, nan za mu kwana." A gaba wani kare ya tsaya a kan jakata. Ma'aikatan wurin suka karɓe kilishi duka, wai nama ba ya shiga. Daddawa kuwa wata mace a cikinsu ta buɗe, ta shinshina, ta rufe da sauri ta miƙo mini. Gero da kuka ba su taɓa ba.

Ɗan nawa, Likita, ya tarye ni, muka gangara ƙarƙashin ƙasa muka shiga jirgin da suke ce wa tub. Mutum ya fi ɗari a taragon, ba mai cewa ina kwana. A motar Wudil kafin a kai Kano kin san sunan kowa da ciwon da ke damunsa. Can kowa ya sunkuyar da kai, kamar masu dawowa daga maƙabarta.

Gidansu a unguwar Sitiratfod yake, hawa na tara. Ba tsakar gida, ba turmi, ba wanda zai leƙo. Na yi sati uku ban ga fuskar mutumin da ke ƙofar da ke kallon tamu ba, sai tarinsa. Tuwo na garin leda ne, a tuƙa shi a minti biyar, ba ya zama a ciki. Da rana burodi mai sanyi da ganye a tsakiya. Sai da aka kai ni Totinham ranar Asabar na ga attaruhu da busasshen kifi, na ji Hausa a bakin titi, sannan raina ya ɗan dawo. Ta tagar ɗakin kuwa, in ka leƙa ƙasa, ga wani ruwa kore a kwance tsakanin gine-gine. Ba ya tafiya ko'ina. Ban so shi ba.

A ɗakin Hafsatu aka sauke ni. Ta shigo ta rungume ni tana cewa, "Tsohuwa, kin zo ki ƙwace mini gado ko?" Na ce, "Gadon ne ya dame ki? Ke da kike kwana a ruwa kamar kwaɗo." Da muka keɓe na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta san cewa wadda aka sa mata sunanta a kogi ta rasu, iyakar abin da ta sani ke nan. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kaka, ki zo ki gani da idonki tukuna. Gobe ina da atisaye."

Muka yi asuba muka fita, ƙarfe shida, lokacin da aka ware wa mata. Tun daga ƙofa wari ya doke ni, kamar na asibiti. Aka sa mini shuɗiyar leda a kan takalmi. Sai ga ruwan.

Jama'a, na ga ruwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba kifi, ba laka, ba ko ganye ɗaya. Kana ganin ƙasansa tas, an ja baƙin layi a ciki daga bango zuwa bango. An raba shi da igiyoyi kamar kunyoyin gona. Mata wajen goma a ciki, kowacce ta ɗame kai da hular roba, ta rufe ido da baƙin tabarau, ba ka gane ta gida da baƙuwa. Ba dariya, ba kira, ba mai fesa wa wata ruwa. Su je bango, su juya, su dawo. A jikin gini an rataye wani babban agogo da ba ya faɗin lokaci. Hannuwa huɗu gare shi, kowanne da launinsa, suna ta zagaye ba tsayawa. In matan suka tsaya, dukkansu sai su ɗaga kai su zuba masa ido, shiru, har wani hannu ya zo sama, sai su nutse.

Ina zaune a benci ina salati sai na ji an ce, "Sannu Mma, ka zo daga Najeriya?" Na waiwaya ina neman namijin da ake yi wa magana, ashe ni ce. Wata mata ce mai jiki da tsumman goge ƙasa a hannu, Adiza, 'yar zangon Kumasi, shekararta goma sha ɗaya tana share wurin. Ta ga ina kallon agogon, ta zauna.

"Kar ka ji tsoro, Mma. Tafi bango huɗu, shi ne mita ɗari. Ya tsaya, ya huta numfashi uku, huɗu. Jan hannu ya zo sama, ya tafi kuma. Sau goma."

Na ce, "Wa ya ci ke nan? Wanda ya riga kowa?"

"Babu ci. Na goma ya zama daidai da na farko, shi ne aiki. Ba gudu suna koyo ba. Riƙewa."

Ta nuna mini kocinsu, wata Baturiya siririya mai furfura da ke tafiya a bakin ruwa da ƙaramin agogo a wuya. Wani lokaci ta sa su matse wani soso a tsakanin cinya su ja da hannu kawai, wani lokaci su ɗaura faifan roba a tafi. In tana so su tsaya ba ta kira, sai ta ƙwanƙwasa tsanin ƙarfe da mukulli. Adiza ta ce a cikin ruwa ba a jin murya, amma ƙarfe ana jin sa kamar a cikin kai.

Ban sha wahalar gane Hafsatu ba. Ita ce ta riga kowa a ɗarin farko. A na biyu ma ita ce. A na bakwai na ga hannunta ya fara nauyi. Na san wannan hannun. Sai da na dafa benci.

A hanyar gida ta ce matsalarta ke nan, tana fita da wuta, sai ta mutu a tsakiya. Haka ta faɗa, ta mutu, ko a jikinta. Ta ce nan da sati biyu koci za ta gwada su: tsallake sittin daga bango zuwa bango ba tsayawa, tsawon iyon gasar ke nan. Wadda ba ta riƙe tafiya ɗaya daga farko har ƙarshe ba, koci ba za ta yarda ta shiga tafki da sunan ƙungiyarsu ba. Ta nuna mini wani abu rawaya kamar ƙwayar goro da take sawa a cikin hula, yana yi mata ƙara a kunne, kowace ƙara ta jefa hannu ɗaya. Da shi take koyon haƙuri. Na ji wannan na ajiye a raina.

Bayan kwana uku, da azahar, kowa ya tafi aiki, ni kaɗai a gidan. Na idar da salla sai na ji. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Na bi ɗaki ɗaki. A jakarta yake, ta manta ba ta kashe shi ba. Na san na'ura ce, ban ce aljani ba ne. Amma na tsaya da shi a tafin hannuna ina saurare, sai na gane shi. Tazarar da ke tsakanin ƙara da ƙara ita ce tazarar ludayina a kan ƙwarya. Ba ƙari, ba ragi. Abin da na buga wa gawa, shi ake buga wa yarinyar nan a kunne kullum da asuba.

Ban san yadda ake kashe shi ba. Na naɗe shi a tsumma na tura shi can ƙasan buhun geron da na zo da shi. Na ce in babu shi za ta faɗi gwajin, in ta faɗi an hana ta tafki, shi ke nan na gama aikina.

Ta nema har ƙarƙashin gado. Ta ce, "Kaka, ba ki ga wani abu rawaya ba?" Na ce, "Ban zo Landan gadin kayanki ba." Ta daɗe tana kallona. Ba ta kuma sayi wani ba.

Ranar gwajin muna tafe a bakin koren ruwan nan, gari bai gama wayewa ba, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Kaka, ko na faɗi yau zan shiga. Na riga na yi rajista. In ba da ƙungiya ba, ni kaɗai." Na ce, "Ko na hana?" Ta ce, "Ki yafe mini." A haka muka isa.

Na zauna a bencina na fito da carbi, kowane tsallake in ja ƙwaya ɗaya. Jan hannu ya zo sama, suka nutse. Ta fita kamar ana korar ta. A ƙwaya ta takwas ta ba ta bayanta rabin ruwa. Koci tana yi mata alama da tafi ta sassauta, ba ta gani. A ta goma sha huɗu ta fara ɗaga kai sama wajen shan iska. Adiza ta jingina tsummanta ta ce, "Yau babu abin kunne, zai ƙone da wuri."

A nan na ga abin da na yi. Ban fito da ita daga ruwa ba. Na ɗauke mata abin da ke riƙe ta ne kawai, kuma tafkin yana nan yana jira, shi ba shi da bango, ba shi da tsani.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zare munduwar azurfa daga hannuna, na durƙusa a bakin layinta, na kama tsanin ƙarfe. Shekara sittin ban buga wannan ba, amma hannu bai tambaye ni ba. Na buga. Na bar wuri. Na buga. Na bar wuri. Dakan gero na mutum biyu, wanda ba a fara shi da fushi, don wadda ta fara da fushi ita ke ajiye taɓarya tsaba ba ta fashe ba.

Da farko hannunta ya yi ta rigima da ni, yana riga ni sauka. Tsallake ɗaya, biyu. A na uku ya jira ni. Daga nan in na buga hannu ya shiga, in na buga ɗayan ya shiga. Koci ta kalle ni, ta kalli agogon wuyanta, ta ƙyale ni.

Adiza ce ta karɓi carbin tana ja mini. Tana cewa arba'in sai ga mai gadin ruwan, wata mace cikin jar riga, ta zo ta kama kafaɗata. Wai doka ta hana mai kaya a jiki ya durƙusa a bakin ruwa, zan iya zamewa. Adiza ta yi ta yi mata Turanci, ta ƙi. Da ladabi ta ɗaga ni ta mayar da ni benci. Na zauna da munduwa a dunƙule a hannu. Saura ashirin, kuma daidai nan ne inda take mutuwa.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa. Na zuba wa hannun ido ina jiran ya yi nauyi. Arba'in da biyar. Hamsin. Yana shiga yana fita a kan dakan nan, kamar ban tashi ba. Hamsin da tara. Ta taɓa bango. Koci ta sunkuya ta nuna mata agogo, ta dafa mata kai.

Ta fito ta yafa tawul ta zo tana haki. "Kaka, ke ce da ƙarfen nan?"

"Ni ce."

"Na sani. To wace ce ta biyun? Anti Adiza, ke ce?"

Adiza ta ɗaga mata carbi. "Ni hannuna yana nan."

"A'a, ku biyu ne fa. Ke ki buga, ita ta amsa a tsakani. Da naki ya tsaya na tsorata, amma nata bai tsaya ba. Ita na bi har bango."

Ban taɓa gaya wa yarinyar nan labarin turmi ba. Ko ubanta bai sani ba.

Likita ya ce amsa-kuwwa ce, kuma jiki in ya kama kiɗa yakan ci gaba da jin sa. Adiza ta ce bututun wurin sun tsufa, wani lokaci suna ƙwanƙwasa da kansu. Ban yi musu da kowa ba. Da muka koma gida na zuba hannu a buhun gero na ciro abinta na ba ta, har ya gaji ya yi shiru. Na haɗa mata da munduwar. Ta ce, "Kin fasa hana ni?" Na ce, "Ki dai fara a hankali, Ƙanwata."

Bizata ta kusa ƙarewa kafin bazararsu, na dawo. Ranar gasar na sa aka fito mini da turmi tsakar gida, na zuba gero. Da hantsi Likita ya kira daga bakin tafkin ya ce, "Iya, sun shiga." Na ajiye wayar a kan tabarma na ɗauki taɓarya. Na daka, na bar wuri. Na daka, na bar wuri. Kafaɗata ta yi kamar za ta cire, ban tsaya ba, har wayar ta sake ƙara ya ce, "Ta fito, Iya. Tana dariya. Ta hau keke."

Malama Rabi da ke rubuta wannan, katangarmu ɗaya. Ita ce ranar ta ɗaga murya daga gidanta ta ce, "Iya, sannunku da aiki! Yau wa kika samu yake taya ki?" Ban amsa mata ba a lokacin. Ga ta nan yanzu ta ajiye biro tana kallona.

Ɗauki ki rubuta, Malama. Ni kaɗai ce a tsakar gidan.